Ɗakin Gwada Kaya: Yadda Maza Masu Shigar Mata Suka Jefa Manyan Kantuna Cikin Tsaka Mai Wuya

Duk wadda ta daɗe tana aiki a sashen kayan mata na wani babban kanti a Landan ko Manchesta ta san irin wannan mai sayayya. Namiji ne, sau da yawa ya manyanta. Yakan zo da hantsi a tsakiyar mako, lokacin da kanti bai cika ba. Zai zaga jerin dogayen riguna, ya taɓa wannan, ya duba lambar awon waccan, ya waiga ko ana kallonsa. Tun kafin a tambaye shi zai ce wa matarsa zai saya, wai kusan jikinsu ɗaya.

Mafi yawansu a nan suke tsayawa. Su biya kuɗi, su karɓi rasit, su fice da sauri. In rigar ba ta yi ba a dawo da ita, ko ta ƙare a kwandon shara.

Amma cikin shekarun nan an samu ƙarin waɗanda ba sa fakewa da mata ko ƙanwa. Suna tunkarar ma'aikaciyar da ke bakin ɗakin gwada kaya da riga a hannu, su ce tasu ce, kuma suna so su gwada. Wannan 'yar gajeriyar buƙata ta jawo ƙaurace wa kantuna a Amurka, ta sa kamfanoni sun kashe miliyoyin daloli, gardamar da take cikinta kuma ta kai har gaban Kotun Ƙolin Birtaniya.

Su wane ne?

Mutane iri daban-daban ne ake haɗawa a kwando ɗaya, kuma haɗawar tana ƙara dagula maganar. Akwai masu wasan dandamali da ke sa kayan mata don sana'a. Akwai waɗanda aka haifa maza amma suke ɗaukar kansu mata, har wasu su nemi sauyi a asibiti. Sai kuma rukunin da ya fi ɓoyuwa: maza da suka yarda su maza ne, suna aikinsu da kayan maza, amma lokaci-lokaci sukan sa kayan mata, galibi a cikin ɗaki.

Wani bincike da Richard Docter da Virginia Prince suka wallafa a Amurka a 1997, wanda ya tattara amsoshin irin waɗannan maza sama da 1,000, ya nuna kusan tara cikin goma sun ce sha'awarsu ga mata take, kuma mafi yawansu sun taɓa aure. Da dama daga cikinsu sun fara tun suna yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ɗabi'ar daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022.

Kaɗan ne suka fito fili. Grayson Perry, mai aikin zane da tukwane a Ingila, magidanci mai mata da 'ya, ya karɓi lambar yabo ta Turner a 2003 sanye da rigar mata. Amma na gama-gari ba haka rayuwarsa take ba. A tsakaninsu suna yawan ba da labarin wani zagaye da ba ya ƙarewa: mutum ya tara kaya a ɓoye cikin akwati ko bayan mota, kunya ko tsoron tonon asiri su kama shi, ya kwashe duka ya zubar, bayan wasu watanni ya koma kanti.

Me ya sa sai an gwada?

Mai karatu zai iya cewa, to wanda yake jin kunya haka me ya kai shi ɗakin gwaji? Ya saya ya tafi mana. Amsar tana cikin yadda ake ɗinka kayan kanti a ƙasashen Turawa.

Wandon namiji da rigarsa ana rubuta awonsu da inci: ƙugu kaza, wuya kaza. Kayan mata kuwa lamba kawai ake liƙa musu, 10 ko 12 ko 16, kuma lambar ba ta da tsayayyar ma'ana. Lamba 14 a wannan kamfani tana iya zama 16 a wancan. Lambar Ingila daban, ta Amurka daban, ta Faransa da Italiya daban. Gwamnatin Amurka ta taɓa ƙoƙarin daidaita abin. An auna mata kusan 15,000 a wajajen 1940, aka fitar da ma'auni a 1958, amma kamfanoni ba su bi ba, har aka janye shi a 1983. Tun daga nan kowane kamfani yake yanka yadda ya ga dama, wasu ma suna rage lambar da gangan don mai saye ta ji daɗi ta ɗauka ta rame.

In mata da kansu suna shan wahala da wannan, ina ga namiji? Kafaɗarsa ta fi faɗi, hannunsa ya fi tsawo, ƙugunsa bai kai na mace ba. Rigar da ta zauna a kafaɗa sai ta yi masa buhu a ƙasa, siket ɗin da ya zauna a ƙugu kuma lambarsa ta sha bamban da ta rigar. Takalmi ya fi komai wuya, domin yawancin kantuna takalman matansu suna tsayawa ne a lamba 41 ko 42.

Sayayya ta intanet ta rage musu fargaba sosai, haka ma na'urorin biyan kuɗi da mutum ke amfani da su da kansa ba tare da ya haɗa ido da mai karɓar kuɗi ba. Sai dai wanda ke ɓoye wa iyalinsa ba ya son a kawo masa ƙunshi gida, ba ya kuma son sunan shagon ya fito a takardar banki. Shi ya sa shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, inda kaya suke da arha kuma ana biya da tsabar kuɗi, suka zama wurin farawa ga da yawa. Wasu kan jira ƙarshen watan Oktoba, lokacin bikin Halloween da Turawa ke yin shigar ban dariya, don a lokacin babu mai tambayar namiji dalilin sayen gashin kanti ko takalmi mai tsini.

Shagunan bayan fage

Ba yau abin ya fara ba, kuma a da haɗarinsa ya fi haka. Garin Kolumbos na jihar Ohayo ya haramta fita da kayan da ba na jinsin mutum ba tun 1848. San Faransisko ta yi irin wannan doka a 1863, ba a kuma soke ta ba sai 1974. A wancan zamani gwada riga a kanti yana iya ƙarewa a ofishin 'yan sanda, don haka aka dogara da odar kaya ta gidan waya.

Daga baya 'yan kasuwa suka hango riba. A birnin New York, Lee Brewster ya buɗe shagon Lee's Mardi Gras, wanda ya yi suna da manyan takalma da riguna masu faɗin kafaɗa. A Tokiyo an buɗe Elizabeth Kaikan a ƙarshen shekarun 1970, inda ma'aikacin ofis zai shiga da kwat, a ba shi kaya da kwalliya, ya zauna na 'yan sa'o'i, ya wanke fuska ya koma gida. A Ingila, Stephanie Anne Lloyd ta kafa shagunan Transformation a shekarun 1980, daga yankin Manchesta har kusa da tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan.

Waɗannan shaguna sirri suke sayarwa kafin tufafi, kuma farashinsu yana nuna haka. Intanet ta karya kasuwar da yawa daga cikinsu. Abokan cinikinsu sun watsu, wasu zuwa wayar hannu, wasu zuwa manyan kantunan da kowa ke shiga. A nan ne aka yi karo.

Rikicin labule

A watan Nuwamba na 2017, Travis Alabanza, marubuci kuma mai wasan dandamali wanda aka haifa namiji amma ba ya ɗaukar kansa namiji ko mace, ya bayyana cewa an hana shi shiga ɗakin gwajin mata a wani reshen Topshop da ke Manchesta. Kamfanin ya amsa da cewa ɗakunan gwajinsa a buɗe suke ga kowane mai sayayya. Jaridu suka yi ca, wasu a kan kamfanin, wasu a kan shi Alabanza. Bayan shekara biyu kamfanin Marks & Spencer ya sha irin wannan suka da ya ce mai sayayya zai iya shiga ɗakin da ya fi kwanta masa a rai.

Amurka ta riga su. A Afrilun 2016 kamfanin Target ya sanar cewa masu sauya jinsi za su iya amfani da banɗaki da ɗakin gwajin da ya dace da yadda suke ɗaukar kansu. Wata ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin mazan jiya, American Family Association, ta tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya da suka yi alkawarin ƙaurace masa. Kamfanin bai janye ba, amma cikin watanni kaɗan ya ce zai kashe kimanin dala miliyan 20 wajen ƙara banɗakuna masu cin mutum ɗaya da ake kullewa.

Abin da ya faru a Primark ya fi bayyana inda matsalar take. Kamfanin ya mayar da ɗakunan gwajinsa na kowa da kowa a wasu rassa. A watan Satumba na 2022 wata budurwa ta saki bidiyo tana kuka, ta ce a reshen Kambirij maza biyu sun yaye mata labule, ɗaya bayan ɗaya, tana tsaka da gwada kaya. Kukanta a kan maza ne da labulen da ba ya kare kowa, ba a kan masu shigar mata ba. Primark ya dawo da ɓangaren mata zalla, ya kuma yi alkawarin dogayen labule da abin maƙale su daga ciki.

Ranar 16 ga Afrilu, 2025, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa a dokar daidaito ta 2010, mace tana nufin wadda aka haifa mace. Ba a kan kantuna aka yi shari'ar ba, ƙara ce da ƙungiyar For Women Scotland ta shigar da gwamnatin Sukotland, amma hukuncin ya shafi duk wurin da aka keɓe wa mata, har da ɗakin gwaji.

Matan da ke goyon bayan keɓewa suna cewa ba su zargi kowane mai shigar mata da mugun nufi ba. Abin da suke faɗa shi ne, idan aka buɗe ƙofa ga duk namijin da ya ce yana so, babu yadda za a tace mai leƙe da mai ɗaukar hoto a ɓoye. Suna kuma tuna wa mutane da waɗanda aka taɓa ci wa zarafi, da 'yan mata ƙanana, da Musulmai da Yahudawa masu kiyaye sutura, waɗanda in babu ɗakin mata sai su haƙura da gwajin gaba ɗaya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ga ta inda za a kauce mata ba.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa shiga ɗakin maza da rigar mata a hannu neman zagi ne, wani lokaci har da duka. Su ma ba ƙarya suke yi ba. Abin lura shi ne, a shawarwarin da masu shigar mata ke ba junansu, abin da ya fi yawa shi ne a tambayi ma'aikaciya tukuna, a zo lokacin da babu cunkoso, a karɓi duk ɗakin da aka nuna, kada a tsorata kowa. Mafi yawansu kaucewa idon mutane suke nema.

Wadda ke bakin ƙofa

A duk wannan cacar baki an fi mantawa da yarinyar da aka tsayar a bakin ɗakin gwaji tana ƙirga riguna. Sau da yawa ɗaliba ce mai aikin wucin gadi a kan mafi ƙarancin albashi. Ita ake so ta dubi fuskar mutum ta yanke hukunci cikin daƙiƙa biyar. In ta hana, a ɗauke ta a waya a ce ta nuna wariya. In ta bari, wata uwa ta taso mata. An sha samun mata masu gajeren gashi ko ƙirar ƙarfi da aka tare bisa kuskure aka ce su maza ne.

Rashin adalci ne kamfani ya ƙi kashe kuɗin katako da sakata, sannan ya ɗora wa ƙaramar ma'aikaciya nauyin abin da majalisu da kotuna suka yi shekaru suna ja a kai. Kantunan da suka fi samun zaman lafiya su ne waɗanda suka gina ɗakuna masu bango daga ƙasa har sama da ƙofa mai kulle, suka bar wa mata ɓangarensu, suka ware ɗaki ɗaya ko biyu a gefe da kowa zai iya shiga shi kaɗai.

A nan gida

A ƙasar Hausa maganar ta ɗauki wata kama, domin tsarin cinikin tufafinmu daban ne. Namiji ya sayi kayan mata ba abin kallo ba ne. Ango da danginsa ke haɗa lefe, magidanci ke sayo kayan sallah, kuma a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari yawancin masu sayar da atamfa da leshi da gyale maza ne. Wanda ya tsaya a gaban shago ya ce, "Alhaji, nawa turmin nan?" babu mai tambayarsa wa zai ɗaura. Gwaji ma bai cika tasowa ba, tun da yadi ake saye a kai wa tela, zane da mayafi kuma ba su da lamba. A layin 'yan gwanjo kara rigar ake yi a jiki a yi ciniki.

'Yan daudu kuwa ba baƙi ba ne a garuruwanmu. An san su da sana'ar abinci a tasha da kasuwa, da hidimar biki, da dillancin kayan mata, kuma da yawa daga cikinsu shigar maza suke yi, sai dai ɗaurin zane a bakin murhu da salon magana. Wani masanin harshe Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya yi zama a Kano ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 2009, finafinan barkwanci na marigayi Rabilu Musa Ibro ma sun taɓo su.

Amma ɗakin gwaji ya iso mu. Manyan kantuna irin na Ado Bayero Mall a Kano da Jabi Lake Mall a Abuja, da ɗimbin shagunan abaya da dogayen riguna 'yan kanti da ake buɗewa a unguwanni, duk suna da ɗan lungu mai madubi, wanda sau da yawa labule ne kawai ya raba shi da idon jama'a.

Doka a nan ba irin ta Ingila ba ce. Kundin Penal Code na Arewa ya sa namijin da ya fita bainar jama'a da shigar mata cikin jerin 'yan zaman kashe wando da za a iya hukuntawa, jihar Kano kuma ta yi doka a 2000 da ta haramta hakan ƙarara. A Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin da ya haɗa da sa kayan mata. A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta hana fitar da finafinan da ke nuna daudu. A matakin tarayya kuwa, ƙudirin da ɗan majalisa mai wakiltar Toro a lokacin, Muda Lawal Umar, ya gabatar a 2022, wanda ya nemi ɗaurin wata shida ko tarar naira 500,000, bai zama doka ba. Ko Bobrisky, sanannen mai shigar mata da aka ɗaure wata shida a 2024, a kan wulaƙanta naira aka ɗaure shi.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanyar. Kuwait ta haramta kwaikwayon ɗaya jinsin a 2007, kotun tsarin mulkinta ta soke dokar a 2022 saboda ba ta fayyace abin da ake nufi ba. Saudiyya kuwa ta tunkari sirrin mata ta wata fuska: daga farkon 2012 ta wajabta cewa mata ne za su riƙa sayar da kayan ciki na mata.

Abin da addini ya ce, da abin da bai ce ba

Matsayin Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya yi tsattsauran hani ga maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza. A wajen Kirista ma, Maimaitawar Shari'a 22:5 ta hana. Malamai irin su Imam Nawawi sun bambanta tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da tafiya, wanda ba shi da laifi a kan abin da bai jawo wa kansa ba, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa.

Akwai kuma wani labari a Bukhari da Muslim da ya dace da wannan batu sosai. Wani mai ɗabi'ar mata yana shiga gidan Ummu Salama, ana ganin ba shi da sha'awar mata. Da Manzon Allah (SAW) ya ji shi yana siffanta jikin wata mace ga wani namiji, sai ya hana shi shiga wurin mata. Matakin da aka ɗauka kare sirrin mata ne. Ba a tara masa jama'a ba, ba a yaga masa kaya a kasuwa ba.

Wannan ne ya kamata mu riƙe. Inda mata ke tuɓe kaya na mata ne, kuma mai shagon da ya ce wa namiji ba zai shiga can ba, ko da wace shiga ya zo, ya yi daidai. Amma daga nan hurumin mai shago ya ƙare. Ba alƙali ba ne, yaran shagonsa ba 'yan sanda ba ne, 'yan kallo kuma ba su da izinin duka ko ɗaukar bidiyo su watsa a TikTok. Mun ga inda irin wannan farauta ke kaiwa: a Agustan 2024 an tsinci gawar wani sanannen mai shigar mata, wanda ake kira Abuja Area Mama, a gefen titi a Abuja. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan rayuwarsa, rai ne aka ɗauka, kuma babu shari'ar da ta ba wani wannan dama.

Kira na ga masu shagunan kayan mata a Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi shi ne, kada su jira sai abin kunya ya faru a shagonsu. A cire labule a sa ƙofa mai sakata. A tabbatar babu kyamara ko ɓula da ke kallon ciki. A sa mace ta kula da ɓangaren mata. A kuma gaya wa yaran shago tun yau abin da za su ce, cikin ladabi da murya ƙasa-ƙasa, ranar da namiji ya ɗauko abaya ya ce zai gwada: "Malam, yi haƙuri, nan na mata ne."